Yadda na gyara hoton sikanin taurin hanta

Kusan sati biyu ina fama da awon taurin hanta a na'urar sikanin ɗinmu, akwatin launin nan da ke nuna taurin a kan allo sai ya fito da ramuka baƙaƙe, lambobi kuma suna ta tsalle, yanzu 6 kPa (ma'aunin taurin ke nan) anjima 13 a mutum ɗaya, kuma yawancin waɗanda nake wa awon masu ciwon hanta nau'in B ne da likita ke jiran sakamakonsu, wallahi abin ya hana ni sukuni.

Ashe ta ƙasan haƙarƙari nake dannawa da ƙarfi, kuma ina sa majinyaci ya ja dogon numfashi ya riƙe, wannan kansa yana ƙara wa hanta tauri. Yanzu sai in ce ya zo bai ci komai ba na awa 4, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannun dama sama da kai don haƙarƙarin su buɗe, in zuba jel sosai in sa kan na'urar a tsakaninsu, in ce "Baba tsaya da numfashi haka nan, kar ka ja". Akwatin ma na saukar da shi kamar santimita 2 ƙasa da fatar hantar, nesa da jijiyoyin jini.

Awo 10 nake yi in jera su in ɗauki na tsakiya, in IQR (ma'aunin yadda awon suka bambanta da juna) ya haura kashi 30 cikin ɗari na wannan awon na tsakiya sai in sake daga farko. Masu ƙiba ne dai har yanzu nake daɗewa a kansu.