Yadda za ka saita mitar batir ta faɗa maka gaskiya

Mitar da ke nuna maka "saura kashi 60" ba ta ganin cikin batir. Lissafi take yi irin na mai shago da littafinsa: tana rubuta wutar da ta shiga da wadda ta fita, ta hanyar ɗan ƙarfen nan da muke ɗaurawa a wayar nagatif, wato shant. In jarin da aka rubuta mata tun farko, wato yawan wutar da batirin ke iya ɗauka, ba daidai ba ne, lissafin duka ya ɓaci. Ina jin takaici in na ga magidanci a nan Sakkwato ya zuba kuɗinsa a batir mai ruwa, inbata ta ɗauke tsakar dare yara na kuka da zafi, alhali mita na cewa akwai rabi.

Fara da sifili. Kashe duk abin da ke jan wuta, cire caja da farantin sola, duba kada wata waya ta tsallake shant ta hau kan batir kai tsaye, sannan ka sa mitar ta ɗauki wannan a matsayin 0A (A ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne, wato amfa). Kuskuren 0.2A kaɗai yakan tara kusan 5Ah a kwana guda (1Ah shi ne 1A na tsawon awa ɗaya). Sai ka auna ƙarfin wutar batir, wato V, da maltimita mai kyau (na'urar awon wuta ta hannu), ka daidaita abin da mitar ke nunawa. Masu aiki kai tsaye da aisi, wato ɗan ƙwaƙwalwar lantarkin da ke yi wa mita lissafi, irin bq34z100 na Texas Instruments, a manhajar bqStudio za su yi wannan, su haɗa da saita ma'aunin zafi.

Babban aikin shi ne sanin ainihin abin da batirin ke ɗauka. 200Ah da ke rubuce a jikinsa na nufin sabo ne, zai ba da 10A na awa 20 a yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 25. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura 40, kuma ƙarin digiri 10 kan rage rayuwar irin wannan batir da kusan rabi. Don haka ka cika shi taf, ka bar shi ya huta wasu awoyi. Lafiyayye mai 12V zai tsaya wajen 12.7V. Ɗora masa kaya mai jan 10A, ka riƙe agogo har ya sauka 10.5V. In ya yi awa 14, batirinka 140Ah ne, kuma shi za ka rubuta wa mita, komai zafin abin a ranka. Mayar da shi caji nan take, kada ya kwana fanko, don farantan cikinsa kan lalace.

Akwai kuma wata lamba da ake sa wa mita, lambar Peukert, Bajamushen da ya nuna a 1897 cewa batirin dalma, irin mai ruwan nan, na rage abin da yake bayarwa in an ja shi da ƙarfi. In takardar batirin ba ta faɗa ba, bar ta a 1.25.

Na ƙarshe, koya wa mitar gane cikar batir, don a nan take komawa kashi 100 ta share kurakuran da ta tara. Abu biyu take dubawa tare: ƙarfin wutar batir (V) ya hau sama, wutar da yake sha kuma ta ragu, misali ƙasa da 4A a batir mai 200Ah. In cajar na kaiwa 14.4V, sa mata 14.2V. Wasu mitocin kan zo da 13.2V, amma a sola, ranar hazo ko hadari wuta kan ragu da kanta, sai mitar ta ɗauka ya cika alhali bai cika ba.

Amma a kula, caja mai ma'aunin zafi tana sassauta caji in batir ya yi zafi, ta yiwu a bazara ta tsaya wajen 14.0V. Mitar da ke jiran 14.2V sai ta yi watanni ba ta ga cika ba. Ka tsaya da azahar a Afrilu ka auna inda cajar ke kaiwa, ka sa mitar ƙasa da shi da 0.2V. Gwajin agogon nan kuma a sake shi duk shekara bayan damina ta faɗi.