Yadda ake gano inda bugun zuciya mara tsari yake fitowa da takardar ECG

Majinyaci ya ce gabansa na faɗuwa, zuciya ta tsallake bugu sannan ta doka da ƙarfi. Galibi ƙarin bugu ne da ya taso daga ɗakunan ƙasa na zuciya kafin lokacinsa, kuma takardar ECG mai layi 12, wato zanen wutar lantarkin zuciya da na'ura ke fitarwa, na iya nuna mafitarsa ba tare da an huda jiki ba, in dai an manna wayoyin daidai.

Wayoyi goma ne, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, waɗanda ake kira V1 zuwa V6. Lalubo rata ta huɗu tsakanin haƙarƙari da yatsa, kar a kintata da ido: V1 a daman ƙashin ƙirji, V2 a hagunsa. V4 a rata ta biyar, saitin tsakiyar ƙashin da ke ƙasan wuya, V3 tsakanin V2 da V4, V5 da V6 su bi layin V4 zuwa ƙarƙashin hammata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga V1 da V2 sama, sai takarda ta nuna wani wuri daban. A zafin bazarar Damagaram zufa na ɓamɓare maɓallan da ke manna wayoyin a fata, saboda haka a goge fata da auduga da alkol, a bari ta bushe. Gudun takarda milimita 25 a daƙiƙa.

A jira sai baƙon bugun ya fito a duka layukan. Ana gane shi da faɗi, ya kai ƙananan gidaje uku na takardar ko fiye. Fara da V1: in ya nutsa ƙasa, mafita ɗakin dama ce ko bangon da ya raba ɗakunan biyu, in ya tashi sama, ɗakin hagu ne. Sai layukan II, III da aVF, masu kallon zuciya daga ƙasa: tashi sama a cikinsu na nufin daga saman zuciya yake, wajen mafitar manyan jijiyoyi. Daga nan a bi layukan ƙirji a jere: idan bugun bai juya sama ba sai a V4 ko bayanta, ɓangaren dama ya fi kusa. A V2 ko kafinta, hagu. V3 kam ba ta raba gardama.

In bugun ya ƙi fitowa, a ɗaura na'urar Holta, wadda ake yawo da ita a jiki tana naɗar bugun zuciya, ta awa 24 ko 48. A duba sinadarin fotasiyam a jini, a yi hoton eko, wato sikanin ɗin zuciya, musamman ga mai jego da ke haki ko ƙafafunta suka kumbura. Wanda ya taɓa suma kuwa, kar a sallame shi gida, a kai shi wurin likitan zuciya a ranar.