Yadda za ka sa ƙaramin ampul na LED cikin far ɗin moto bai ƙone maka ba

Jama'a masu moto, musamman ku ƴan kabu-kabu da ke kai dare bisa hanya nan Tawa, kafin ka zuba kuɗinka ka sayi ampul na LED don ƙaramar fitilar nan da ke cikin far, tsaya ka duba abu guda tukuna: wutar da ke zuwa mata daga batir take ko daga inji? Dubawar ba wuya. Murɗa makulli, kar ka tada moto, ka kunna fitila. In ta kama to wutar batir ce, DC, kai kam ka huta. In kuwa ba ta kamawa sai inji ya tashi, kuma kana murza mai haske na ƙaruwa kana saki yana raguwa, to AC ce kai tsaye daga bobin, wato naɗin wayar da ke samar da wuta cikin inji, kuma da yawa cikin ƙananan motocin nan namu masu inji 100 da 125cc haka suke. LED na banza-banza ba ya jure wannan wutar, sai ya dinga ƙyaftawa har ya mutu, ka koma kana faɗa da mai shago alhali ba laifinshi ba ne.

Buɗe far ɗin ba wani aiki ba ne, turnabis kawai, amma ka bari babban ampul ya huce, kuma ka zuba ƙusoshin cikin kwano don yashi ba ya maido abin da ya haɗiye. Ka jawo mazaunin ƙaramin ampul a hankali, ka riƙe robar ba wayar ba. Yawanci za ka tarar da T10, wanda ake rubuta wa W5W, 12V 5W, mai gindi faffaɗa da ake cusawa kawai. Wasu kuma BA9s ne, gindin ƙarfe mai ƴan kunnuwa biyu, sai ka danna ka juya. Ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa a gwada tsawo, don wasu LED ɗin dogaye ne suna tokarar gilas ko su matsa kusa da babban ampul mai 35W, ga zafinshi ga ranar Ader, ba za su kai labari ba. Masu rubutun Canbus kuma ka bar su, don mota aka yi su, akwai ƙarin abu ciki da ke shan wuta yana zafi, moto ba ta buƙatarshi.

In ka cusa bai kama ba kar ka ce ya lalace. LED yana da gaba da baya, in T10 ne cire ka juya shi ka mayar. In yana rawa cikin mazaunin, ɗan buɗa siraran wayoyin nan na gindinshi da farce har ya zauna daram. Ka gwada kafin ka rufe far.

To mai AC fa? Mafi sauƙi ka nemi ampul da aka rubuta AC/DC a jikin kwalinshi. In babu, sai gyara, kuma ni wannan na fi so don yana daɗewa. Je wurin mai gyaran rediyo ka ce ya ba ka gadar diyod, mai maida AC ta zama DC, ɗan baƙin abu ne mai ƙafa huɗu, biyu da alamar ~, ɗaya +, ɗaya −. Ka yanke wayoyi biyu da ke zuwa mazaunin ampul, na wajen moto su hau ƙafafun ~, na wajen ampul su hau + da −. Sannan ka ƙara kondansate, ɗan abin nan mai ajiye wuta, tsakanin + da −, kamar 470 zuwa 1000µF mai 35V, shi ke kashe ƙyaftawar nan in inji na tafiya a hankali. Don Allah ka kula da ƙafafunshi, wajen da ke da zane shi ne −, in ka juya shi yana iya fashewa. Kuma − ɗin da ya fito daga gada kar ya taɓa ƙarfen moto ko kaɗan, shi ya sa gyaran ya fi dacewa da mazaunin roba mai waya biyu. Liƙa da dalma za ka yi, ba murɗa waya da hannu ka naɗa sikoc ba, girgizar hanyar Agadas kwance shi za ta yi.

Wasu na jawo waya daga batir. Ba laifi, amma ta bi bayan makulli kuma a sa fizibil, in ba haka ba ka manta ta kunne ka tashi da safe batir ya sauka. In kana da mita auna batir inji na tafiya, 13.5 zuwa 14.5V daidai ne, ya haura 15 to regilate, mai daidaita ƙarfin wuta, shi ne ya mutu, canja shi kafin ka sa komai.

Launi kam ka tsaya ga fari. Shuɗi ko ja a gaba na rikita mai tahowa cikin dare, ga kuma magana da ƴan sanda. Sannan ka sani wannan fitila don a gan ka ce, ba ta haska maka rami ko jaki a hanya, babban far shi ke wannan aikin. Wajen rufewa ka tabbata robar ta koma mazauninta ruf, in ka bar kafa ƙurar hunturu za ta shiga ta dusashe madubin ciki, da damina kuma ruwa.