Darasi Na Shida: Gano Dalilin Tabo A Jikin Fim

Idan fim ɗin kyamara ya bushe bayan wanki, ɗaga shi wajen hasken taga, ka fara duba gefensa. A nan kamfani yake buga sunansa da lambobi, kamar Kodak ko Ilford. In rubutun ya fito amma babu hoto, wanki ya yi, haske ne bai shiga kyamara ba. In kuwa fim ɗin ya fito garau, ko rubutun babu, to an zuba fiksa (maganin da ke tabbatar da hoto) kafin dibelofa (maganin da ke fito da hoto), ko kuma dibelofan ya mutu. Wannan ba ya gyaruwa. Saboda haka rubuta suna a jikin kowace kwalba.

Ƙananan ɗigo masu zagaye, waɗanda haske ke ratsawa, aikin kumfa ne. Iska ce ta maƙale a fim, ta hana magani taɓa wurin. Da ka zuba dibelofa, buga gindin tankin da ake wanke fim a ciki a tebur sau biyu ko uku. Tabo mai kama da jinjirin wata kuma, lanƙwasa fim aka yi wajen naɗa shi a cikin duhu.

Fim mai hazo-hazo kamar an zuba masa madara bai ji fiksa ba. Kada ka yar, mai da shi cikin sabon fiksa, ka sake ɗaurayewa. Don gaba, yanki ɗan bakin fim da ba a wanke ba ka jefa a fiksa, ka duba agogo. In ya washe a minti 2, fim ɗinka yana bukatar aƙalla minti 4.

Babbar matsalarmu ita ce zafi da ƙura. Maganin fim mai baƙi da fari digiri 20 yake so, ruwan famfo kuwa da bazara yakan wuce 30. Sa kwalaben cikin roba mai ƙanƙara, ka auna da ma'aunin zafi. Har ruwan ɗauraya a daidaita shi, domin fim ɗin da ya tashi daga sanyi ya faɗa ruwan ɗumi fuskarsa na iya yamutsewa.

Ruwan rijiya mai gartsi yakan bar farin tabo bayan bushewa. Yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa da ɗigon Photo-Flo, maganin da ke hana ruwa barin tabo a fim. Da hunturu, yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, rufe taga, kashe fanka, sannan ka rataye fim. Ƙurar da ta bushe a jikinsa da wuya ta fita.

Aikin yi: kawo tsohon fim mai tabo aji na gaba, ka faɗa wa 'yan aji a wane mataki tabon ya samo asali.