Ga Mai Son Shiga Aikin Gyaran Bishiya a Ingila

Kusan duk wata sai wani ɗan'uwa sabon zuwa ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce ya ji ina aikin sare bishiya, ko da gurbi a wurinmu. Wani har yakan ƙara da cewa shi tun yana yaro yake hawan giginya da kuka a garinsu. Ina jin daɗin tambayar, domin sana'a ce mai rufin asiri, kuma kullum ana neman hannu. Sai dai amsar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sunan da Turawa suka ba mai wannan aiki yana nufin likitan tiyatar bishiya, kuma ba don ƙawa suka sa shi ba. Kayar da bishiya daga tushe shi ne abin da muka fi ƙarancin yi. Yawanci rage rassa ne, ko cire mataccen reshe kafin ya faɗo wa motar wani, ko sauke tsohuwar bishiya gunduwa-gunduwa da igiya saboda tana matse tsakanin gidaje biyu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake datse rassan kuka a gida don ganyen miya, a bar ta dungu-dungu ta sake tohowa, zai gane abin da ake yi wa manyan bishiyoyin titunan Landan duk bayan 'yan shekaru. Amma inda za ka ɗora zarto ma karatu ne. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuyan tulu. In ka yanka ta wajensa, bishiya za ta rufe mikinta da kanta. In ka shafe shi daidai da jikinta, ruɓa ta samu ƙofa, bayan shekaru sai a tarar da kogo.

Ƙanena, ba wanda zai miƙa maka ɗamarar hawa ranar farko. Daga ƙasa ake farawa. Wajen ƙarfe bakwai na safe kana harabar kamfani, ana loda zartuna da igiyoyi a mota. Kai ne mai jan rassa daga bayan gida, ta wani siririn lungu, zuwa injin da ke niƙe su a bakin titi. Kai ne mai zuba mai, mai tare masu wucewa, mai shara har sai lambun ya fi yadda kuka same shi tsabta. Kada ka raina wannan matsayi. Ran mutumin da ke sama, bayan Allah, a hannunka yake.

A hunturuna na farko na koyi haka. Mai hawan ya ɗaure wani gungume, ya ce in riƙe igiyar sauke kaya. Na naɗa ta sau ɗaya kawai a jikin ƙarfen da ke rage mata gudu, ina ganin ƙarfina zai isa, safar hannuna kuma tana aljihu. Yana gama yanka, igiyar ta fizge ta cikin tafina kamar an zuba mini garwashi, gungumen ya dira kan shingen maƙwabci ya ragargaza katako uku, bishiyar ta girgiza da shi a sama. Ya kashe inji, ya sauko a hankali. Bai yi mini tsawa ba. Ya duba hannuna, sannan ya nuna mini yadda ake kimanta nauyin ɗanyen itace da ido, da yawan naɗin da kowane nauyi ke bukata. Mako biyu ina alwala da ƙyar.

Takardun ƙwarewa, waɗanda ma'aikata ke ce wa tikiti, su ne tsanin hawanka. An sauya musu suna a hukumance, amma har yau da tsofaffin lambobinsu ake kiransu. CS30 na kula da zarto mai inji da yanka itacen da ke kwance. CS31 na kayar da ƙananan bishiyoyi da kaurinsu bai wuce milimita 380 ba. CS38 na hawa da ceto mutum daga sama. CS39 na yanka da inji kana rataye a igiya. City & Guilds ce ke shirya jarrabawar da aka fi sani, Lantra ma tana ba da horo. Kowanne yana cin ɗaruruwan fam, don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya. Shawarata, da ka samu biyun farko ka tara kuɗin CS38. Ba a yarda mutum ya hau ba sai akwai wanda zai iya sauko da shi in ya ji rauni, shi ya sa na-ƙasan da ke da tikitin ceto ba ya rasa aiki.

Yanzu ga inda 'yan'uwanmu suka fi faɗawa rami. Da yawa daga masu aikin ƙasa ana biyansu ne a matsayin masu zaman kansu, su yi rajista da hukumar haraji su biya da kansu. In da bizar karatu ka zo, an hana ka irin wannan aiki ƙwata-ƙwata, kuma ko aikin albashi ne, mai karatun digiri ba zai wuce awa 20 a mako ba lokacin zango. Za ka haɗu da masu ƙwanƙwasa ƙofofin tsofaffi, ba inshora, ba takarda, su ce za su ba ka kuɗi a hannu da yamma. Don Allah ka guje su. Ranar da zarto ya taɓa ka, za su ce ba su san ka ba, kuma takardar zamanka ce za ta shiga haɗari. Kamfanin da ƙungiyar Arboricultural Association ta amince da shi ya fi kwanciyar hankali. Lasisin tuƙin da ka zo da shi daga Najeriya ko Nijar wata 12 kawai zai yi maka, don haka ka fara neman na nan da wuri. Mai iya tuƙa motar aiki ana riƙe shi da hannu biyu.

Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne bishiyar da ke cikin gidan mutum ba lallai ya iya taɓa ta ba. Ƙaramar hukuma na iya ɗora wa bishiya umarnin kariya, wanda ake kira TPO, kuma ko reshe mai rai ba a cirewa sai da izininta a rubuce. A unguwannin da aka keɓe don tarihi, duk bishiyar da kaurinta ya wuce milimita 75 a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, sai an ba hukuma sanarwar mako shida. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, shi ya sa daga Maris zuwa Agusta muke leƙa kowane reshe kafin mu tada inji. Jemage kuwa, in an gan shi a kogo, aiki ya tsaya. A Satumbar 2023 wasu mutum biyu suka kayar da shahararriyar bishiyar Sycamore Gap da ke jikin Katangar Hadrian a arewacin Ingila. A 2025 kotu ta ɗaure kowannensu shekara huɗu da wata uku. Saboda haka in wani ɗan'uwa ya ce ka zo ranar Asabar ka ɗan rage masa bishiyar bayan gida, ku fara duba shafin ƙaramar hukumarsa tukuna.

Ka kuma kiyayi bishiyar ash. Tun 2012 aka tabbatar da cutar da ke kashe ta a ƙasar nan, kuma wadda ta kamu itacenta yakan karye ba gargaɗi, kamar busasshen kara.

Jiki yana biyan kuɗin aikin nan. Wandon kariya, mai zaren da ke cushe sarƙar zarto ta tsaya, yana da nauyi da zafi a bazara, amma ba a cire shi. Girgizar inji kan sa yatsu su yi fari su mutu a cikin sanyi, ƙararsa kuma tana cin ji sannu a hankali, don haka abin toshe kunnen da ke jikin hular kwano ba ado ba ne.

Maganar salla, ka faɗa wa shugaban aiki tun ranar farko, kada ka riƙa ɓuya. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar duk suna riskarka a wurin aiki, wani lokaci har magariba. Ni ina fita da alwala, da gorar ruwan ɗumi da 'yar darduma a bayan kujerar mota, kuma ban taɓa samun wanda ya hana ni minti biyar ba. Da azumi nakan roƙi a ba ni aikin ƙasa bayan azahar, domin hawa da jiri ganganci ne. In mai gida ya fito da tiren shayi, ka karɓa ka yi godiya, al'adarsu ce ta karrama ma'aikaci. In kana azumi ka gaya masa, yawancinsu sun san Ramadan. Kafin kuma a tada injin farko a kowane gida, ka rubuta lambar gidan da lambar unguwa a bayan hannunka, domin su ne farkon abin da za a tambaye ka in ka kira lambar neman agajin gaggawa, 999.