Yadda ake sa ido a kan bangon ƙasa kafin ya zabtare

Bangon dam na ƙasa, ko gangaren da aka yanka ko aka cike a gefen titi, ba ya zabtarewa haka siddan, yawanci sai ya nuna alama, kuma ruwa ne ke cin sa ta ciki. Toh aikinka shine ka bi sawun ruwan nan.

Ka fara da ƙafarka. Ka taka saman bangon daga farko har ƙarshe kana duba tsaga, musamman wadda ta miƙe ta bi tsawon bangon kuma ɓari ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗayan, wannan ƙasa ce ta fara zamewa. In ka ganta ka kafa fegi biyu, ɗaya nan ɗaya can, ka auna tsakaninsu da tef, ka rubuta da kwanan wata, ka ɗauki hoto, in ka dawo ka tsaya daidai inda ka tsaya ka sake ɗauka.

Sai ka gangara gindi, nan ne wallahi mutane suka fi yin sakaci. Ka duba ko ƙasa ta kumburo, ko akwai wajen da ciyawa ta yi shar alhali ko'ina a bushe yake, ko ƙafarka tana nutsewa. Tsattsafo kaɗan ba abin tashin hankali bane in ruwan garau yake kuma yawansa bai canza ba, amma ka tara a kwalba ka ajiye ya kwanta, in ka ga laka ko yashi a gindin kwalbar toh ruwan yana kwaso ƙasar bangon ne yana yin rami a ciki, kar ka jira gobe, kira injiniya a take. Dam ɗin Teton na Amurka haka ya tafi a 1976, da safe aka ga ruwa mai laka yana fitowa, kafin azahar ya ɓalle.

Ramin gafiya da shurin gara da saiwar manyan bishiyoyi duk hanya suke buɗe wa ruwa. Magudana kuma a yashe ta kafin damina.

Abin da ido baya gani sai na'ura. Fiyezomita tana auna ƙarfin ruwan da ke cikin ƙasa, inkilinomita kuma ana zura ta cikin bututun da aka binne a tsaye ta nuna a wane zurfi ƙasar ke motsi. Amma awo ɗaya baya gaya maka komai, sai ka jera na yau da na makonnin baya, in motsin yana ƙara sauri toh a janye mutane daga ƙasan wajen tukuna.

Ka ƙara yawan zagaye bayan ruwan sama mai ƙarfi, da kuma lokacin da aka rage ruwan dam da sauri, don a lokacin ɓangaren da ke fuskantar ruwan ne yake iya zamewa.