Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin ranar fitar ƙwai

Babban abin da ke ɓata wa mata lissafi shi ne ɗaukar rana ta 14 ta zagayen al'ada a matsayin ranar fitar ƙwai ga kowa. Wannan ya dace da mai zagayen kwana 28 ne kawai. Abin da bai cika sauyawa ba shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan al'ada ta gaba, wajen kwana 14. Don haka daga ranar da ake sa ran al'ada ake ƙirgowa baya. Mai zagayen kwana 35, ƙwanta zai fita wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10. Abin yana damuna ƙwarai, a ce mace tana neman haihuwa ta shafe watanni tana dakon rana ta 14, alhali nata ƙwan sai bayan mako guda yake fita.

Wasu kuma daga ranar da jini ya ɗauke suke fara ƙirga. Rana ta ɗaya ita ce ranar da jinin ya fara zuba sosai.

Sai masu jiran ranar ita kaɗai. Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 bayan fitarsa, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 da rai a jikin mace. Ke nan saduwar kwana ɗaya ko biyu kafin fitar ƙwai tana cikin waɗanda suka fi kawo ciki. Shi ya sa ma mai gajeren zagaye kan ɗauki ciki jim kaɗan bayan ɗaukewar jini.

Kada ki miƙa wa manhajar waya ragamar komai, hasashe take yi daga watannin baya. Rashin lafiya ko damuwa na iya jinkirta ƙwai ba tare da manhajar ta sani ba. Ki lura da jikinki: idan ruwan gaba ya zama garau, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, lokaci ya matso. Tsinken gwajin fitsari na LH, wato sinadarin jiki da ke sa ƙwai ya fita, yakan nuna alama awa 24 zuwa 36 kafin fitar ƙwai. Ɗumin jiki kuwa sai ƙwai ya riga ya fita yake ɗan hawa.

Mai shayarwa ta sani ƙwai na iya fita kafin al'ada ta dawo. Idan kuma zagayenki bai kai kwana 21 ba, ko yana zarce 35 a kai a kai, ki ga likita ya duba dalili.